SHARHI: Sharon na cin ganye a Kadawa, mu ake tuhuma a Mile 12

Duk wanda ke harkar kayan gwari a nan Kurmi ya san yadda shekara ke juyawa. Daga Disamba zuwa Maris tumatirin noman rani yana saukowa daga Arewa kamar ba zai ƙare ba, motoci na layi a Mile 12 da Sasa da Anaca da Fatakwal, har wata rana dillali ya rasa mai taya kwando. Da zafi ya kankama, wajen Afrilu zuwa Yuni, sai kaya su ja baya, farashi ya hau. Wannan tsohon abu ne, iyayenmu da suka fara kawo kaya Ikko sun san shi. Abin da ya sauya tun 2016 shi ne wata 'yar tsutsa da ta shigo cikin wannan giɓi, ta mayar da ƙarancin da aka saba da shi ya koma annoba. Manoman Kano na kiranta Sharon, jaridun Turanci na ce mata Ebolar tumatir, masana kuma suna kiranta Tuta absoluta.

Ni a ganina, yadda muke yaƙar wannan tsutsa da sauran ƙwarin da ke cinye ganyen lambu, wato zuba guba a kan guba, shi ne ke ƙara musu ƙarfi. Kuma idan abin ya ɓaci, mu mazauna Kudu ne za mu fi kowa kwana a ciki, domin mu ne a tsaye tsakanin gona da tukunyar masu masaukinmu.

Wace ce Sharon?

Asalinta daga Kudancin Amurka take, yankin ƙasar Peru. A 2006 aka fara ganinta a Sifaniya, daga nan ta tsallaka Arewacin Afirka, ta bi ta gangaro, zuwa 2015 an tabbatar ta shigo Najeriya. Uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Da rana yana laɓewa a cikin ganye, da dare yake fitowa. Mace guda na iya saka ƙwai har 260, mafi yawa a jikin ganye. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsar ta huda ganyen ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, tana cin koren da ke ciki. Manomi zai fara ganin wasu fararen tabo kamar takarda, kafin ya ankara ganyen ya bushe ya yi ja, gonar ta koma kamar wadda wuta ta bi ta kai. Idan ganye ya ƙare sai ta shiga kara da 'ya'yan tumatirin, ta bar musu ƙofar ruɓewa.

A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa mai saka nata ƙwan bai cika wuce wata guda ba, kuma a shekara tana iya hayayyafa sau 10 zuwa 12. Shi ya sa manomin da ya ga tabo biyu a farkon Maris ya ce ba komai, kafin Afrilu ya raba yake neman wanda zai ba shi rance. Gonar da aka ƙyale, tsutsar na iya lalata kashi 80 zuwa 100 cikin 100 na amfaninta. Ba tumatir kaɗai take ci ba fa. Tana rayuwa a kan dankalin Turawa da yalo da gauta da wasu ciyayin daji danginsu, can take fakewa idan babu tumatir a ƙasa.

Abin da ya faru a 2016, da abin da ya biyo baya

Waɗanda suka yi kasuwa a 2016 ba za su manta ba. A watan Mayun shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, har ta tura jami'anta ƙasar Kenya su koyo yadda ake yi da tsutsar. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, ta tsaya saboda babu tumatirin da za a niƙa. Filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, da yankunan Danja da Ikara, duk sun ɗanɗana. A nan Legas kwando ya ninka kuɗinsa sau da dama a cikin 'yan makonni.

An yi taruka, an yi alƙawura, damina ta sauka, farashi ya sauko, kowa ya manta. Sai ga ta a 2023, sai ga ta kuma a 2024, lokacin da Ministan Noma Abubakar Kyari da kansa ya fito ya danganta tsadar tumatir da wannan tsutsa. A wannan karon ta tarar da jama'a a jigace, domin an cire tallafin man fetur tun Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya yi tashin gwauron zabo. Kun dai ga yadda matan Legas suka riƙa nuna wa juna a Facebook yadda ake haɗa miya da karas da kokwamba da kankana.

To a duk wannan lokacin wa ake zagi? Matar da ta zo cefane Mile 12 ba ta taɓa ganin Kadawa ba, ba ta san akwai wata aba wai ita Sharon ba. Abin da ta gani shi ne Bahaushen da ya sayar mata da kwano a wani farashi makon jiya, yau ya ninka. A wurinta Aboki ne ya ƙara kuɗi, ko ƙungiya ce ta haɗa baki, ko kuma 'yan Arewa ne ke son horar da Kudu da yunwa. Wannan zargi na ƙarshe yana samun masu saurare, musamman tun bayan da ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki a ƙarshen Fabrairun 2021. Tun daga lokacin, duk ƙarancin da aka samu akwai mai cewa da gangan ne.

Me ya sa feshi ba ya kashe ta?

Dalili na farko na riga na faɗa: a cikin ganye take. Maganin da ke kashe ƙwaro sai ya taɓa jikinsa, a saman ganyen yake tsayawa, ita kuwa tana ciki tana cin abincinta. Idan ta ƙoshi, da yawa sukan faɗo ƙasa su shige cikin turɓaya su jira fitowa da fiffike, can ma feshin bai kai ba.

Dalili na biyu ya fi muni. Tun kafin ta baro Kudancin Amurka, manoman can sun shafe shekaru suna fesa mata magunguna irin waɗanda suka cika shagunanmu, dangin saifametirin da lamda, har jikinta ya saba. Da wannan taurin kai ta iso mana. Kuma duk sabon maganin da aka kawo, idan aka dinga fesa shi kaɗai ba hutu, 'yan tsirarun da suka tsira su ne za su hayayyafa, jikokinsu kuma su gaji taurin. Da yake a wata guda ake samun sabon zubi, ba a daɗewa maganin ya tashi daga aiki. Haka ta yi wa wasu magunguna masu tsada a ƙasashen Turai.

Dalili na uku, akwai ƙwarin da ke cin ƙwai da tsutsar Sharon, wasu 'yan ƙananan zanzaro da wasu korayen ƙwari da gizo-gizo. Su ba sa ɓuya a cikin ganye, don haka su feshin ke fara hallakawa. Ka ga ke nan manomi ya sayi magani da kuɗinsa ya kashe masu yi masa gadi, ya bar ɓarawon.

Sannan a duba yadda ake feshin. Bayanin da ke jikin kwalba da Turanci yake, mai sayarwa sau da yawa ba malamin gona ba ne, ma'auni kuwa murfin kwalba ne. Idan murfi biyu bai yi ba a sa huɗu, idan magani ɗaya bai yi ba a gauraya uku. Ga na jabu da wanda wa'adinsa ya ƙare. Yaron da ke goye da tulun feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska na dawo masa da shi a fuska.

Lambunanmu na nan Kudu

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar manoman Arewa ce kawai. 'Yan'uwanmu nawa ne ke noman lambu a gefen rafuka da filayen da ba a gine ba, daga Ojo da Iyana-Iba a Legas zuwa bakin ruwan Badun? Su ke ba garuruwan nan latas da kabeji da alayyafo da lalo da albasa mai lawashi. Kuma Kudu ba ta san hunturu irin namu ba, ga danshi, ga kore duk shekara, ƙwaro ba ya rasa abin ci. Alayyafo na da tasa tsutsar mai naɗe ganye ta cinye shi ta bar jijiyoyi. Kabeji na da tasa, wadda ita ma ta yi suna a duniya wajen bijire wa magani. Kuɓewa na fama da ƙananan ƙwari masu tsalle da ke mayar da ganyenta kamar rariya. Ga farar nan mai zane-zane da wari, ga katantanwa da dare. Tsutsar masara ma da ta addabi Afirka, a farkon 2016 masana suka fara gano ta a nan Kudu maso Yammacin Najeriya.

Bambancin lambun ganye da gonar tumatir shi ne, a nan abin da ake fesawa shi ne ainihin abin da ake ci. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, latas kuwa ɗanye ake cinsa. Kowane maganin ƙwari yana da adadin kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshi da girbi, kuma a rubuce yake a jikin kwalba: akwai na kwana 3, akwai na 7, akwai na 14 ko fiye. Na sha tsayawa a lambu ina kallo, a yi feshi da yamma, da asuba a yanka a ɗaure a kai kasuwa. Idan ka yi magana, amsar ɗaya ce: mai saye ba ya son ganye mai huji. Gaskiya ne kuwa, matar da ta zo sari za ta ture ɗaurin da tsutsa ta ɗan taɓa, ta ɗauki mai sheƙi. Kasuwa da kanta ke ba mai yawan feshi lada, ta hukunta mai taka-tsantsan.

Abin da muke wasa da shi

Mun ga irin wannan a harkar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a cikinsa. A 2018 wani bidiyo ya karaɗe wayoyi, yana nuna ana zuba wa wake maganin ƙwari a Legas, hukumar kare haƙƙin masu saye ta fitar da gargaɗi. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari. Ku tuna yadda masu sayar da wake na gaskiya suka sha kallon banza a lokacin, alhali ba su suka aikata ba.

Yanzu a ƙaddara, Allah Ya kiyaye, iyali guda a Agege ko Bodija sun ci latas sun kwanta a asibiti, wani ya ɗauki hoton lambun Bahaushe da kwalaben magani zube a gefen fangali. A garin da kake baƙo, ba a cewa wane ya yi, cewa ake Hausawa sun yi. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na Maris 2016, ko ya ga yadda 'yar taƙaddama a cikin kasuwa ta zama gobarar da ta cinye Sasa a Fabrairun 2021, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Filayen lambun nan ma yawancinsu aro ne ko haya, takarda guda ta isa a tashi mutum. Jarin da ya fi kowane girma a hannunmu a nan shi ne yardar da mai saye ya yi cewa abin da muka miƙa masa ba zai cutar da 'ya'yansa ba.

Abin da ke aiki

Ba wanda ya kawar da Sharon daga ƙasarsa bayan ta zauna, amma ƙasashe da yawa sun koyi zama da ita suna noma suna cin riba. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne.

A fara daga wurin renon iri. Idan aka rufe shi da gidan sauro mai ƙananan ƙofofi, dashen zai shiga gona ba tare da ƙwai a jikinsa ba. Sai tarko. Akwai wanda ake sa masa ƙamshin mace yana janyo mazan, shi ke fara sanar da manomi cewa baƙuwa ta iso tun kafin a ga tabo. Akwai kuma mai sauƙi, faranti da ruwa da ɗan sabulu, a ɗora fitila a kai da dare, uwayen su zo su faɗa. A dinga zagaya gona ana tsinke ganyen da ya kamu ana binnewa. Bayan girbi kada a bar karan tumatir a tsaye, a tattara a ƙone ko a binne da zurfi, a bar filin ya huta ko a sa masa abin da ba danginsa ba, kamar albasa ko masara ko wake. Ruwan 'ya'yan darbejiya na hana tsutsa cin abinci da girma, kuma akwai maganin da ake yi da wata ƙwayar halitta mai suna Bt, wadda ke kashe tsutsa ba ta taɓa mutum. Idan ta kama dole sai an sa magani mai ƙarfi, a yi da yamma, a bi ma'auni, kuma a dinga sauya dangin maganin. A lura, sauya sunan kwalba ba shi ne sauya magani ba, domin kamfanoni biyar na iya zuba sinadari ɗaya da suna daban-daban.

Na san abin da manomi zai ce, kuma yana da hujja. Darbejiya ba ta kashewa nan take. Tarkon ƙamshi ba a samunsa a kowane ƙauye. Mutumin da ya ci bashin taki da na fetur ɗin injin ban-ruwa, yana kallon gonarsa na ƙonewa, ba zai tsaya jiran wa'azi ba. Kuma ko da ya bi duk ƙa'idojin nan, idan maƙwabcinsa ya bar tsohuwar gona tana ruɓewa, da dare za su taso su sauka a tasa. Wannan shi ne ainihin ƙullin: tsutsar ba ta san iyakar gona ba, saboda haka maganinta ma ba na mutum ɗaya ba ne. Sai duk masu fadama guda sun yarda da lokacin dashe, da lokacin share gona, da irin maganin da za a sa a wannan zagayen.

Namu aikin

A nan ne nake ganin mu 'yan Kurmi muna da abin yi fiye da yadda muke zato. Da yawa daga cikin manoman rani da kuɗin dillalai da fatake suke shuka, a kan za su kawo musu kaya. Wanda ke ba da kuɗin iri da taki yana da bakin cewa a sa tarko, a rufe wurin reno. Kuɗin tarkon gona guda bai kama ƙafar asarar mota guda ta tumatir ba. Ƙungiyoyinmu na kayan gwari da ke karɓar kuɗi a kan kowane kwando za su iya ware wani abu su ɗauki nauyin malaman gona a garuruwan da kayansu ke fitowa.

Na biyu, ilimin yana kusa da mu. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, a Badun take, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, kuma ta fitar da nata tarkon Sharon da magungunan da ta haɗa daga tsirrai. Cibiyar IITA kuwa maƙwabciyar Sasa ce. Me zai hana sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su nemi zama da waɗannan masana, a fassara bayanin da Hausa, a naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp? Yawancin masu lambunmu ba za su karanta takardar Turanci ba, amma saƙon murya na minti uku zai kai Danja kafin mota ta kai Jebba.

Na uku, masu lambu a nan su kafa wa kansu doka kafin a kafa musu. Kowane rukunin lambu yana da shugaba. A yarda cewa fangalin da aka fesa za a kafa masa alama, ba mai yanka sai kwanakinsa sun cika, kuma fiya-fiya ba ta da wuri a kan ganyen da za a ci. A daina zubar da kwalaben magani a bakin rafi. A kasuwa ma, tulin ruɓaɓɓen tumatirin da ake jibgewa a bayan rumfuna hanya ce da tsutsar ke bi ta sauka a gonakin Ogun da Oyo, inda yanzu ake ta ƙoƙarin noman tumatir. A binne shi ko a kwashe da wuri.

Na huɗu, mu dinga yi wa masu saye bayani. Idan farashi ya tashi saboda tsutsa, shugabannin kasuwa su fito gidajen rediyon Yarbanci da na Ibo su faɗa tun da wuri, su nuna hotunan gonakin. Shirun da muke yi shi ke ba masu yaɗa jita-jita fili. Kuma a gaya wa mai cefane cewa ɗan huji a jikin alayyafo ba cuta ba ne, wankewa kawai yake so.

Gwamnati na da nata kason, kuma babba ne: malaman gona da suka yi ƙaranci, sa ido a kan magungunan jabu, da gargaɗi tun watan Fabrairu kafin zafi ya shigo, maimakon taron manema labarai a watan Mayu bayan gonaki sun ƙone. Ya kamata mu ci gaba da matsa mata a kan haka. Sai dai daga 2016 zuwa yau mun ga iya saurinta, kuma idan an zo rufe kasuwa ko tashin masu lambu, ba ofishin minista ake nufa ba. Kafin zafin bana ya kankama, ina roƙon shugabannin 'yan gwari na Mile 12 da Sasa da sauran kasuwanninmu su sa maganar tsutsa da feshi a zamansu na gaba, kamar yadda suke sa maganar haraji da shingayen hanya.

Allah Ya kare mana amfanin gona, Ya ba da kasuwa mai albarka.